Raunin Siginar Wi-Fi a Kwamfutar Tafi-da-gidanka: Ina Matsalar Take?

Koken ya zama ruwan dare a ofisoshi da ɗakunan kwanan ɗalibai da gidaje. Wayar hannu tana kama Wi-Fi lafiya lau, amma kwamfutar tafi-da-gidanka da ke ajiye kusa da ita tana nuna sanda ɗaya ko biyu, shafi ya ƙi buɗewa, taron bidiyo sai yankewa yake yi. Abin da ke biyo baya galibi kashe kuɗi ne. Wani ya ƙara data, wani ya canza layi, wani ya sauke manhajar da ta yi alkawarin ƙara ƙarfin sigina, wani kuma ya yanke hukuncin cewa kwamfutar ta tsufa. Kowane ɗayan waɗannan yana iya dacewa a wani yanayi, sai dai sau da yawa ana fitar da kuɗin ne tun ba a gano inda matsalar take ba.

Gaɓoɓi uku da ake yi wa kallon abu guda

Wi-Fi hanya ce ta haɗa na'urori ta igiyoyin rediyo a ɗan gajeren nisa, ba tare da waya ba. Wi-Fi daban, intanet daban. Intanet yana shigowa ne daga kamfanin sadarwa, ta layin waya ko kebul ko tauraron ɗan'adam, ya sauka a kan rauta, wato akwatin da ke karɓar intanet ya rarraba shi ga na'urorin gida. Ƙaramar rauta mai batir da ake saka wa layin waya ita ce ake kira MiFi. Wayar hannu ma tana yin aikin rauta idan aka kunna mata hotsifot. A ɓangaren kwamfuta kuwa akwai katin Wi-Fi, ɗan guntun allon lantarki da ke aikawa da karɓar saƙon rediyo, akwai eriyar da ke kama saƙon, akwai kuma direba, manhajar da ke sa kwamfutar ta fahimci katin.

Tafiyar saƙo ke nan tana da gaɓoɓi uku: daga kamfani zuwa rauta, daga rauta zuwa kwamfuta ta cikin iska, sannan abin da ke faruwa a cikin kwamfutar. Sandunan nan da ke kusurwar allo ba sa ba da labarin gaɓa ta farko. Shi ya sa za a ga sanduna sun cika amma babu abin da ke buɗewa, domin hasumiyar kamfanin ta yi cunkoso ko data ta ƙare. Ƙarin data ba ya ƙara sanda ko ɗaya, sabuwar eriya kuma ba ta gyara cunkoson hasumiya.

Gwajin da ke raba gardama ba ya cin ko sisi. A ɗauki kwamfutar a kai ta kusa da rauta, kamar taku biyu tsakaninsu. In sanduna sun cika kuma aiki ya tafi daidai, matsalar nisa ce ko gini. In sanduna sun cika amma intanet na jan ƙafa a kan kowace na'ura, a duba wajen kamfanin. In kuwa a wannan kusancin ma kwamfutar ba ta cika sanduna ba alhali waya ta cika, to laifin yana cikin kwamfutar.

Zanguna, da ruɗanin da ke tsakanin 5G biyu

Cibiyar injiniyoyi ta IEEE ce ta fitar da ƙa'idar farko ta wannan fasaha a 1997, mai lamba 802.11, kuma saurinta bai wuce megabit 2 a sakan ba. A 1999 aka samu wadda ta kai megabit 11, a shekarar ne kuma kamfanin Apple ya fitar da iBook, kwamfutar da ta taimaka wajen kai Wi-Fi hannun talakawan masu saye. Ƙa'idar 2009, wadda yanzu ake kira Wi-Fi 4, ta kawo amfani da eriya fiye da ɗaya a lokaci guda. Ta 2013 ita ce Wi-Fi 5, sai Wi-Fi 6 da ta shiga kasuwa a 2019. Wannan tarihi yana da amfani ga mai kwamfutar gwanjo, domin kati yana tsayawa ne a zamanin da aka ƙera shi, ko da an sayo masa rautar bana.

Kamar yadda gidajen rediyo ke watsa shiri a gajeren zango ko matsakaici, Wi-Fi ma yana da zangunansa. Manyan biyu su ne na gigahaz 2.4 da na gigahaz 5. Na farko yana zuwa nesa, yana kuma ratsa bango fiye da na biyu, amma ba shi da faɗi kuma ya cika da jama'a. Na biyu ya fi sauri da sarari, sai dai bango yana karya shi da wuri. Babu wanda ya fi wani a kowane hali. Wanda ke ɗaki ɗaya da rauta ya fi dacewa da gigahaz 5, wanda bango biyu ya raba shi da ita sau da yawa gigahaz 2.4 ne zai fisshe shi. Kwamfutoci masu araha da yawa da aka ƙera a farkon shekarun 2010 ba sa ma ganin gigahaz 5 kwata-kwata.

A nan ne wani ruɗani ke shigowa. Rautoci da yawa suna liƙa 5G a ƙarshen sunan zangonsu na gigahaz 5, mutane kuma sai su ɗauka fasahar 5G ta wayar salula ce. Ba su da alaƙa. Ita 5G ta salula tsara ta biyar ce ta sadarwar wayar hannu, wadda hukumar sadarwa ta Nijeriya, NCC, ta yi gwanjon zangonta na gigahaz 3.5 a Disambar 2021, kamfanin MTN kuma ya fara aiki da ita a Nijeriya a 2022. Mutum yana iya samun rautar da ke karɓar 5G daga hasumiya amma tana miƙa wa tsohuwar kwamfutarsa ta gigahaz 2.4.

Awo da lamba

Sanduna ba ma'auni ba ne na ƙwarai, domin kowane kamfani da yadda yake lissafa su. Injiniyoyi suna auna ƙarfin sigina da ma'aunin dBm, kuma lambar tana zuwa da alamar ragi a gabanta. Duk yadda ta matso kusa da sifili, siginar ta fi ƙarfi. Wajen -50 yana da kyau sosai, -67 shi ne iyakar da aka saba nema don kiran murya da bidiyo, daga -80 kuwa haɗin ya fara tangal-tangal. Tazarar da ke tsakanin lambobin ta fi yadda ido ke gani: raguwar 3 tana nufin ƙarfi ya ragu da rabi, raguwar 10 tana nufin ya koma kashi ɗaya cikin goma. A kwamfutar Apple, danne maɓallin Option tare da latsa alamar Wi-Fi yana fito da lambar. A Windows, rubuta netsh wlan show interfaces a tagar umarni yana nuna ƙarfin da kaso cikin ɗari, tare da tashar da ake kai da saurin haɗin. Wanda ya riƙe wannan lamba yana zagaya gida zai san gidansa fiye da duk abin da mai shago zai faɗa masa.

Gini da wurin ajiye rauta

Ko a fili fetal, duk lokacin da nisa ya ninka sau biyu, ƙarfin da ke isowa yana komawa kashi ɗaya cikin huɗu. A cikin gida kuwa gini ne ke yin babbar ɓarna. Shawarwarin da ake karantawa a intanet da yawansu an rubuta su ne don gidajen Amurka, inda bangon ciki katako ne da allon farar ƙasa marar kauri, wanda sigina ke ratsawa cikin sauƙi. Gidajenmu na bulo ne da siminti, benayenmu rufin kankare ne mai rodi a ciki, ƙofofi da tagogi kuma ƙarfe ne. Ƙarfe ba ya barin igiyar rediyo ta wuce, mayar da ita yake yi. Ruwa kuma shanye ta yake yi, don haka tankin ruwa da ke tsakanin rauta da ɗaki shinge ne, bango mai danshi da damina ya fi busasshe tare sigina, ɗaki cike da mutane ma yana rage ta. Madubi yana da siririn ƙarfe a bayansa. Katangar ƙasa mai kauri ta tsohon gini ita ma ba ta da sauƙin ratsawa. Nisan da aka rubuta a kwalin rauta ba da irin wannan gini aka auna shi ba.

Duk da haka, inda aka fi ajiye rauta shi ne mafi munin wuri: ƙasa, a kusurwar falo, bayan talabijin, ko cikin durowa don kada yara su taɓa. Dalilin ba ya wuce cewa nan soket yake. Ɗaga ta sama da tsayin kai, a fili, kusa da tsakiyar inda ake amfani da ita, yakan ƙara ƙarfi fiye da duk wani saiti da za a canza. A gida mai tsakar gida da ɗakuna kewaye, barandar da ke kallon ƙofofin ɗakunan takan fi kowane ɗaki, muddin rana da ruwan sama ba za su same ta ba. Eriyar rauta mai kama da sanda tana watsa sigina ne ta gefunanta, ba ta bakinta ba. Nuna bakinta wajen kwamfuta yana ba ta mafi raunin ɓangare. A gida marar bene, a bar ta tsaye.

Masu MiFi da rautar da ke aiki da layin waya suna da wata matsala ta daban, domin na'urar tana da buƙata biyu masu karo da juna. Tana son taga, don ta kama hasumiyar kamfani. Tana kuma son tsakiyar gida, don ta isa ɗakuna. Idan aka kai ta tsakiya, sandunan kwamfuta za su cika amma intanet ya yi rauni, idan aka bar ta a taga sai akasin haka ya faru. A mafi yawan lokuta gara a fifita tagar, domin raunin Wi-Fi a cikin gida ana iya gyara shi da kebul ko na'ura ta biyu, raunin da ke tsakanin hasumiya da rauta kuwa ba a hannun mai gida yake ba.

Cunkoson iska

Akwai lokacin da sigina ke da ƙarfi amma hayaniya ta yi mata yawa. Zangon gigahaz 2.4 yana da tashoshi 13 a yawancin ƙasashe, 11 a Amurka, amma suna hawa kan juna, uku kawai ne ba sa taɓa juna: 1 da 6 da 11. A ɗakin kwanan ɗalibai ko kasuwar wayoyi inda kowa ya kunna hotsifot, dukkansu a kan waɗannan ukun suke turereniya. Bluetooth ma a wannan zango yake, haka na'urar ɗumama abinci ta maikirowef da ke aiki wajen gigahaz 2.45. A 2012 kamfanin Intel ya wallafa bayani cewa na'urorin USB 3.0 da kebul ɗinsu suna fitar da hayaniya a wannan zango, don haka faifan ajiya na waje da aka jona kusa da eriya yana iya dagula haɗin. Komawa gigahaz 5, ko shiga saitin rauta a zaɓi wadda ta fi sarari cikin tashoshin uku, shi ne maganin wannan.

Idan laifin na kwamfutar ne

Mutane kaɗan ne suka san inda eriyar kwamfutarsu take. A yawancin kwamfutoci tana cikin murfi ne, a saman allo ko gefensa, wasu kuma a wajen hinji. Katin Wi-Fi kuwa yana ƙasa, kusa da uwar allon lantarki. Siraran wayoyi biyu ne, galibi baƙa da fara, ke bi ta cikin hinji su haɗa su. Duk buɗewa da rufewa tana lanƙwasa waɗannan wayoyi, kuma hinjin da ya karye ko ya yi tauri yana iya gutsure su. Kan wayar da ke maƙale da katin ɗan mitsitsi ne, yana ɓallewa idan kwamfuta ta faɗi, kuma yana da sauƙin mantawa idan an buɗe ta don canza allo ko share fanka. Tun da kwamfutocin da ake saya a kasuwanni irin su Computer Village ta Ikeja da titin Beirut na Kano da yawansu gwanjo ne da aka taɓa buɗewa, wannan dalili ya cancanci a fara da shi. Alamarsa a fili take: kwamfuta tana kama Wi-Fi idan an manna ta da rauta, tana saki da zarar an fita ɗakin. Gyaran kan ɗauki mintuna kaɗan a wajen mai gyara, kuma ya fi sayen kowace na'ura araha. Mai sayen kwamfutar gwanjo ma zai yi wa kansa gata in ya gwada ta daga nesa da rauta kafin ya biya, ba a kan teburin mai shago kawai ba.

Wurin eriyar ne kuma ke bayyana wasu abubuwa da ke ba mutane mamaki. Rufe murfi a yi aiki da babban allo na waje yana rage sigina. Juya kwamfuta ko matsar da ita taƙi ɗaya yana iya canza lamba, domin tsawon igiyar gigahaz 2.4 bai wuce santimita 12 da rabi ba, kuma a cikin ɗaki igiyoyin da bango ya mayar suna haɗuwa su ƙarfafa juna a nan, su kashe juna a can.

Sai batun tattalin batir. Windows yana rage wa katin Wi-Fi kuzari idan kwamfuta na aiki da batir, kuma a inda wuta ba ta tsayawa, kwamfuta takan yi yawancin yininta a kan batir. Wanda ya lura sigina tana gyaruwa da zarar an jona caja ya gano matsalarsa. A saitin wuta ana iya umartar katin ya yi aiki da cikakken ƙarfi, a Device Manager na Windows kuma ana iya cire izinin da aka ba kwamfuta na kashe shi don tattali. Farashin wannan shi ne batir zai ɗan fi saurin ƙarewa. Direba ma yana da nasa laifin. Bayan an sake zuba Windows, abin da masu gyara ke yawan yi, kwamfuta takan ɗauki direba na gama-gari wanda ke aiki amma ba da kyau ba. A sauke na asali daga shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutar ko katin, a kuma guji manhajojin da ke cewa za su sabunta dukkan direbobi a latsawa ɗaya.

Inda ra'ayoyi suka bambanta

Shawarar da aka fi ji a shago ita ce a sayi rauta mai ƙarfi. Akwai gaskiya a ciki idan tsohuwar ta shekara goma ce, amma ƙarfin watsawa kaɗai ba ya wadatarwa, domin Wi-Fi zance ne na mutum biyu. Mai lasifika zai iya jiyar da wanda ke ƙarshen unguwa, amma in wancan da baki kawai zai amsa, hira ba za ta yiwu ba. Sandunan kwamfuta za su ƙaru, amsarta kuma ba ta isa rauta. Ban da haka, hukumomi suna ƙayyade ƙarfin da aka yarda a watsa. A Turai iyakar gigahaz 2.4 miliwat 100 ce, a Nijeriya NCC ce ke kula da wannan, a Nijar kuma ARCEP. Eriya mai kyau ta fi ƙarin ƙarfi amfani, domin ita tana inganta ji da magana duka.

Na'urar maimaita sigina, wadda 'yan kasuwa ke kira rifita ko busta, ita ce aka fi gardama a kanta. Masu goyon baya suna cewa tana da araha kuma ba ta buƙatar huda bango. Masu suka suna nuna cewa mai rediyo ɗaya tana karɓa tana kuma aikawa a tasha guda, don haka sauri yakan ragu da kusan rabi. Dukansu sun yi gaskiya. Abin da ya fi lalata sunanta shi ne ana saka ta a ɗakin da babu sigina, sai ta riƙa maimaita rauni. Wurinta tsakiyar hanya ne, inda sigina ke da sauran ƙarfi. Tsarin mesh, wato rautoci biyu ko uku masu aiki da suna ɗaya, ya fi ta tsari amma ya fi tsada, kuma kowace na buƙatar wuta. Akwai kuma na'urorin da ke tura intanet ta wayoyin wutar gida. A takarda suna da kyau, sai dai ba sa jituwa da sitabilaiza da hayaniyar inbata da gidan da aka rarraba wa layukan wuta daban-daban, don haka sayensu a irin gidajenmu caca ce.

Abin da injiniyoyi suka fi yarda da shi ba shi da ƙyalli: kebul. Kebul ɗin Ethernet yana ɗaukar saƙo har mita 100 ba tare da ya damu da bango ko maƙwabta ba. Ana iya jona shi kai tsaye da kwamfuta, ko a ja shi zuwa ɗaya ɓangaren gidan a ɗora masa rauta ta biyu. Siraran kwamfutocin zamani ba su da raminsa, amma akwai ɗan mahaɗi da ke shiga USB. Mai amfani da hotsifot ɗin waya shi ma yana da kwatankwacin wannan, wato ya haɗa wayar da kwamfuta ta kebul ɗin caji ya kunna rabon intanet ta USB, Wi-Fi ya fita daga lissafi, wayar kuma tana samun caji.

Idan katin ne ya tsufa, zaɓi biyu ne. Katin Wi-Fi na USB ya fi sauƙi, amma ƙananan nan masu girman farce eriyarsu ba ta kai ta cikin kwamfuta ba. Mai eriya a waje, musamman in an haɗa shi da dogon kebul aka ɗaga shi wajen taga ko ƙofa, shi ke kawo canji. Canza katin ciki ya fi tsafta, sai dai wasu tsofaffin kwamfutocin HP da Lenovo suna ƙin tashi da katin da ba ya cikin jerin da kamfani ya amince da su, a wasu sababbi kuma an liƙe katin da dalma.

Dabarar gwangwani ko takardar alminiyom a bayan eriya ba tatsuniya ba ce gaba ɗaya. Masu bincike a jami'ar Dartmouth ta Amurka sun nuna a 2017 cewa allon da aka lulluɓe da alminiyom yana iya karkatar da sigina zuwa inda ake so. Karkatarwa ce dai kawai, abin da wani ɗaki ya samu daga wani ɗakin aka ɗebo shi. Manhajojin ƙara sigina kuwa ba su da ikon canza eriya ko bango. Mafi kyawunsu suna nuna tashar da ta fi sarari, sauran talla ce, wasu ma hanyar shigo da ƙwayar cuta ce.

Abin da raunin ke jawowa

Idan sigina ta yi rauni, kati da rauta suna sauka zuwa ƙaramin sauri don saƙo ya isa, suna kuma maimaita abin da ya ɓace a hanya. Karanta shafi yana jure wannan, kiran bidiyo da jarrabawar kan intanet ba sa jurewa. Batir yana saurin ƙarewa. Maimaitawar da ke tsakanin rauta da kwamfuta ba ta cin data, amma fayil ɗin da ya yanke a tsakiya aka sake saukewa daga farko yana ci. Akwai kuma illar da ba a cika sani ba: na'urorin da ke tasha ɗaya bi da bi suke magana, don haka kwamfuta ɗaya mai rauni a ƙarshen gida tana daɗewa kafin ta gama nata, kowa kuma yana jiranta. Gyara ta gyara ne ga duk masu amfani da rautar.

Sababbin ƙa'idoji ba za su kawar da matsalar gini ba. Wi-Fi 6E ya buɗe zango na uku, na gigahaz 6, Wi-Fi 7 da aka fara ba da shaidarsa a farkon 2024 kuma yana iya amfani da zanguna fiye da ɗaya a lokaci guda. Suna rage cunkoso sosai, amma gigahaz 6 ya fi gigahaz 5 ma kasa ratsa bulo da kankare, kuma sai rauta da katin kwamfuta duka sun san ƙa'idar, hukumar ƙasa kuma ta buɗe zangon, kafin a ga amfaninsa.